Shagari a idon baƙo

Jiya bayan isha'i, a wajen mai shayinmu na Shara Mansur a nan Makka, aka yi wata 'yar gardama da ta bi ni har gida. Wani yaro ne ya ciro tsohon hoton Alhaji Shehu Shagari a wayarsa, doguwar hular nan da tabarau. Wani dattijo Basakkwace da ya haura shekara 40 a Makka ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan Turaki, ba a sake yin mutumin kirki irinsa ba." Duk muka ce amin. Sai telanmu, mutumin Maraɗi, ya ajiye kofinsa ya ce, "Amin, Alhaji. Amma a mulkinsa aka ba ni mako biyu in bar Legas." Wurin ya yi tsit.

Gara in faɗi inda na fito tun da wuri. Gidanmu gidan NPN ne, jam'iyyar Shagari. Na tashi ina ganin tuta mai hoton gida da masara a zaurenmu, in aka ce NPN, bakina ya riga hankalina cewa "Aminci". Har gobe ina son Shagari. Shi ya sa maganar telan ta yi mini nauyi.

Yawancin masu yabonsa shugaban ƙasa suke tunawa. Ni kuwa Shagarin da ya fi burge ni shi ne na kafin nan. An haife shi a garin Shagari a 1925, ya yi aikin koyarwa a Midil ta Sakkwato da kuma a Argungu, har waƙa ya tsara da Hausa don yara su san labarin ƙasarsu. Ya shiga NPC, jam'iyyar Sardauna da sarakuna, wadda 'yan NEPU ke gani a matsayin katangar da ta tare talaka. A 1954 aka zaɓe shi zuwa majalisar wakilai a Legas. Ya yi aiki kusa da Tafawa Ɓalewa, ya riƙe ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya, har da ta harkokin cikin gida da ta ayyuka. Sai ga juyin mulkin Janairun 1966, aka kashe Sardauna, aka kashe Firayim Minista.

Me ya yi bayan haka? Ya tattara ya koma Sakkwato. Mutumin da jiya ake buɗe wa ƙofar mota a Legas ya dawo yana aiki da En'e, yana sakataren asusun raya ilimi na lardi, ana bin mutane a tara kuɗi a gina makarantu a ƙauyuka. Daga baya ya zama kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma, zamanin Gwamna Usman Faruk, ya riƙe ilimi. Ku duba 'yan siyasarmu na yanzu. Wanda ya taɓa zama minista, in ka ce ya zo ya yi aikin ƙaramar hukuma, zagi ka yi masa. Gara ya zauna a Abuja yana jiran a tuna da shi. Shagari bai ga ƙasƙanci a sauka ƙasa ba, kuma a ganina wannan shi ne abu mafi kyau a tarbiyyar mutanen Sardauna: aiki aiki ne, inda aka ajiye ka nan za ka yi.

Gowon ya kira shi tarayya a 1970, a 1971 ya gaji Awolowo a ma'aikatar kuɗi, yana kan kujerar aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973. Da siyasa ta dawo, shi kujerar sanata yake so, manyan jam'iyya suka tura shi gaba. Ya ci zaɓen 1979 da ƙyar, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar nan ta kashi biyu cikin uku na jihohi 19, wadda ƙuri'un Kano suka jawo.

Ba zan rage masa abin da ya yi ba. Gidajen Shagari suna nan a jihohi, mutane na kwana a ciki. Ya yafe wa Gowon, ya yafe wa Ojukwu ya dawo gida a 1982, ya ɗauki Alex Ekwueme, ɗan ƙabilar Ibo, mataimaki shekara tara kacal bayan yaƙin basasa. Ba kowane mai mulki ke da wannan zuciyar ba. Amma sanyin halin da ya sa ake sonsa shi ya ba na kusa da shi filin yin yadda suka ga dama. Ana ta kirarin bunƙasa noma, ana kuma shigo da shinkafa jirgi-jirgi, wasu na kuɗancewa da lasisi. Tun a 1980 aka ɗauki Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye na jam'iyyar adawa ta GNPP a majalisar jihar Barno, aka kai shi Chadi aka ce ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. Wannan ya kamata ya zama gargaɗi, cewa kalmar "baƙo" ta fara zama sanda a hannun gwamnati.

Sai Janairun 1983. Farashin mai ya faɗi, an shiga tsuke bakin aljihu, zaɓe na tafe. Ministan cikin gida Ali Baba ya fito ya ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin mako biyu. Mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Chadi da Togo da Benin da Kamaru. Jakar nan mai zane da har yau mahajjatanmu ke cika wa da dabino da tsaraba, daga wannan korar ta samo sunanta na "Ghana Must Go".

Ku da kuke gida kuna karanta wannan a matsayin tarihi. Mu nan mun san yadda abin yake a jiki. Mun san yadda unguwa ke yin shiru in an ce yau akwai kame. Mun san matar da ke tsaye bakin taga tana ƙirga sa'o'i don mijinta bai dawo ba. Akwai maƙwabcina da igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu saboda saɓani da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya fita sayen burodi da safe, bayan kwanaki muka ji muryarsa daga Kano. Akwai yaran da aka haifa a nan, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, aka sauke su a ƙasar da ba su san kowa ba. Duk wanda aka taɓa kira Takari da wata irin murya ya san abin da 'yan Gana suka ji a Legas a wancan watan.

Na san amsoshin, kuma ba na raina su. Za a ce Gana ce ta fara, Busia ya kori 'yan Nijeriya a 1969. Gaskiya ne. Za a ce rikicin Maitatsine na 1980 ya ci dubban rayuka a Kano, kuma shi Maitatsinen, Muhammadu Marwa, daga Kamaru ya fito. Gaskiya ne. Za a ce kowace ƙasa na da ikon sanin wanda ke cikinta, yarjejeniyar ECOWAS ma kwana 90 ta ba mutum. Ban musa ba. Saudiyya ma tana da wannan ikon a kanmu, kuma muna bin doka iyakar iyawarmu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mako biyun. Mutum ya shekara biyar yana aiki, yana da haya, yana bin bashi, matarsa na da ciki, ka ce ya naɗe rayuwarsa cikin kwana 14?

Kuma wa ya amince da hakan? Basakkwace. Mutumin da ya san tsakanin Illela da Birnin Konni taku ne, kaka ɗaya, kasuwa ɗaya. Mutumin da ya taɓa riƙe ma'aikatar cikin gida da kansa, ya san iyakar nan Bature ne ya ja ta. Mai sarautar Turaki a daular da ta faro da hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, daular da bayan Burmi a 1903 jama'arta suka yi gabas, mutanen Sudan suka ba su wuri a bakin kogi har aka kafa Mai Wurno, wasu suka ƙaraso nan Makka da ƙafa. In riƙo da al'ada ne siyasar mutum, to karrama baƙo na cikin al'adun da muka gada tun kafin a san jam'iyya. Da ɗan gurguzu ne ko soja ya yi, da ban ji ciwo haka ba.

Korar ma ba ta ceci komai ba. Ya ci zaɓen 1983 cikin ƙorafin maguɗi, ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da shi, Buhari ya hau. An tsare shi har 1986, bincike bai same shi da satar dukiyar jama'a ba, ya koma gida ya zauna cikin mutuncinsa har Allah ya karɓi ransa a Disambar 2018, yana da shekara 93. Ina yi masa addu'a a Harami, kuma zan ci gaba.

Yau da hantsi na je karɓar jallabiyata wajen telan, na tambaye shi yadda tafiyar ta kasance. Ya ce kwana huɗu suka yi a bayan babbar mota kafin su ga iyaka. Keken ɗinkinsa na farko, wanda ya shekara biyu yana tara kuɗinsa, ya bar shi ajiya wajen wata Bayarabiya mai gidan da yake haya a Agege, da niyyar in ƙura ta lafa ya koma ya ɗauka. Bai sake taka Legas ba.