Ƙanena mai manhaja, wa ya taɓa biyan ka?

Assalamu alaikum. Da ku nake, ƙannenmu maza da mata da kuka koyi rubuta manhaja a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko ta Aliero, ko Kwalejin Waziri Umaru, ko a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na koyar da fasaha, kuka kuma ƙudurta kafa kamfanin fasaha na kanku. Allah ya cika buri. Sai dai abu biyu ke kashe irin waɗannan kamfanoni tun kafin su fara rarrafe: kunya da rashin lissafi.

Kunya ta farko ita ce ta tambayar kuɗi. Saurayi zai shafe wata shida a ɗaki yana gina manhajar haɗa manomi da mai saye, ya zana tambari, ya buga riguna, alhali bai taɓa wuni a kasuwar albasa ta Aliero ya ga yadda ake ciniki ba. Kafin ka buɗe kwamfuta, zaɓi sana'a ɗaya, ka zauna da mutum talatin masu yin ta. Kada ka ce musu "in na yi kaza za ku so?" Za su ce maka masha Allah, Allah ya sa albarka. Wannan addu'a ce, ba ciniki ba ne. Tambaye su yaushe suka yi asara ta ƙarshe, nawa ce, me ya jawo ta, wa suka biya don su fita daga cikinta. Matsalar da mutum bai taɓa kashe ko sisi a kanta ba, kai ma ba zai biya ka a kanta ba.

Daga nan ka yi aikin da hannu: waya, WhatsApp da littafin rubutu. In motar ɗaukar kaya kake son haɗa mutane da ita, kai da kanka ka kira direban, ka tsaya a yi lodi, ka karɓi la'adarka. Sai mutum goma sun biya, wasu sun dawo karo na biyu ba tare da ka roƙe su ba, sannan ka san abin da ya kamata manhajar ta ƙunsa.

A nan ne za ka ci karo da dillali, wanda yawancinku kuke cika baki za ku kawar. Yi a hankali. Dillalin shanshera a Jega ko Argungu yakan damƙi shinkafa a tafin hannu ya gane ko ta bushe ko da sauran danshi. Yakan ba manomi bashin taki ko na man injin ban-ruwa tun kafin girbi, ya tsaya wa baƙon ɗan kasuwa lamuni, in rigima ta tashi a kan awo shi ake nema. Wanne daga ciki manhajarka ke yi? In lambar waya kawai take nunawa, ranar da mai saye da mai sayarwa suka san juna sun gama da kai, ciniki na biyu a bayan idonka za a yi shi. Mafi sauƙi shi ne ka mai da dillalin abokin cinikinka, ka sayar masa da abin da ke ba shi ciwon kai: lissafin wa ya ci bashin wa, buhu nawa ya fita, mota nawa ke hanya.

Sai lissafi. A ce kana samun naira 200 a kan kowane buhu, kuma albashin mutum uku da data da fetur da hayar shago sun kai naira 600,000 a wata. Buhu 3,000 ke nan kowane wata kafin ka ga riba. Amma shinkafa da albasa kayan kaka ne, kasuwarsu ba ta cika duk shekara. In wata biyar ne na hada-hada, cikinsu za ka samo kuɗin wata goma sha biyu, wato sama da buhu 7,000 a wata. Yi wannan lissafin a takarda yau. In bai fita a takarda ba, ba zai fita a kasuwa ba.

Kada kuma ka manta cinikinka da naira ne, wasu kuɗaɗen da za ka kashe kuwa da dala. Hayar saba, wato kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta a intanet, a wurin irin su AWS na kamfanin Amazon da dala ake yanke farashinta. Kafin ka sa manhaja a rumbunsu, Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 kowace shekara, kuma da wuya mai sayar da albasa ya buƙaci ta Apple, don haka bar ta tukuna. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yanke farashinsa bai bar wa wannan gurbi ba, cinikinsa na ƙaruwa, aljihunsa na ramewa. Sa ƙararrawar iyakar kashe kuɗi a asusun sabarka tun ranar farko, domin kyautar da suke ba sababbi tana ƙarewa ba sallama.

Dubi wayar da ke hannun wanda kake yi wa aikin. Ko dai ƙarama ce mai madannai da tocila, ko Android da ta cika maƙil da hotuna da wa'azi, gilashinta a tsage. Manhaja mai nauyi ita ake fara gogewa in wuri ya ƙare. Yi ta ƙarama, da Hausa, da saƙon murya ga wanda boko bai zauna masa ba, da tes ko USSD (lambobin da ake dannawa masu farawa da * su ƙare da #) ga mai ƙaramar waya. Ta riƙa ajiye bayani a cikin wayar, ta tura in sabis ya dawo. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a Satumban 2021 aka yi makonni ba kira ba intanet.

Kunya ta biyu ta fi ta farko illa: kunyar rubuta yarjejeniya da aboki. "Haba, ai mu 'yan'uwa ne." Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma ga muminai aka saukar da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku rubuta kason kowa, da aikin kowa, da abin da zai faru in ɗaya ya samu aikin gwamnati ya tafi. Tsarin da aka saba shi ne hannun jarin mutum ya riƙa tabbata a hankali cikin shekara huɗu: wanda ya fice kafin shekara ɗaya ba shi da komai, wanda ya cika ta ya samu rubu'in kasonsa, sauran wata-wata. In ba haka ba, wanda ya yi wata uku ya gudu zai riƙe rabin kamfanin har abada, kuma babu mai zuba jarin da zai kusance ku. A rubuta cewa manhajar ta kamfani ce. Sunan shafi da kalmomin sirri su kasance a imel ɗin kamfani, kada su zauna a wayar mutum ɗaya.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta ishe ka gwaji, amma ba ta da hannun jarin da za a raba. In da abokin tarayya ko mai zuba jari, sai cikakken kamfani. Dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ma shi ta sani: wanda bai wuce shekara 10 da rajista ba, kuma aƙalla sulusin hannun jarinsa na 'yan Najeriya ne da suka kafa shi. Kada ka riƙe kuɗin jama'a a asusunka da sunan ajiya ko adashe ba da lasisin Babban Banki ba, bi ta hannun masu lasisi. Lambobin waya da NIN na mutane kuwa amana ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana kansu.

Asusun kamfani daban, aljihunka daban. Yanka wa kanka albashi komai ƙanƙantarsa, gudummawar biki da ta suna daga ciki za su fito.

In wani Alhaji ya ce zai sa miliyan biyu, kada murna ta sa ka ba shi rabin kamfani. Ku fayyace a gaban shaidu ko bashi ne ko musharaka. Da yawa suna cewa jari, amma a ransu riba suke jira duk ƙarshen wata, uwar kuɗi kuma ta dawo ranar da suka ga dama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tallafi irin dala 5,000 na Gidauniyar Tony Elumelu yana da amfani, ku nema, amma akwai masu yawon gasa daga wannan zaure zuwa wancan, bango cike da takardun yabo, ba abokin ciniki ko ɗaya.

Kada ka buɗe reshe a Sakkwato ko Gusau alhali Jega ba ta fara riƙe kanta ba. Duk ƙarshen wata fitar da lamba biyu: cikin waɗanda suka biya wancan watan nawa suka sake biya, kuma kuɗin da ke asusu wata nawa zai kai ku in ba a samu ko kwabo ba. In ta biyun ta gaza wata shida, a dakatar da ɗaukar sabon ma'aikaci, a saki shagon haya a koma zauren gida, a kuma bi waɗanda suka daina biya ɗaya bayan ɗaya a ji dalilinsu.