Makin alfarma: a faɗa tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa

Duk malamin da ya taɓa riƙe jan biro ya san yaron nan da ke tsayawa a 38 alhali 40 ake nema. Ka sake duba takardarsa, ka lalubo inda ya ɗan kamo hanya, ka ɗora masa biyu ya haye. Ni ban ga laifin wannan ba, babu wanda aka ƙwace wa komai. Amma idan hukumar jarrabawa ce ta ƙasa guda take yin haka ga dubban yara, a ɓoye, kuma da makin nan ake raba gurbin jami'a, to zancen ya bar tausayi ya koma haƙƙi. Indiya ta sha zuwa kotu a kan wannan.

Ku ɗauki hukumar CBSE, mai shirya jarrabawar kammala sakandare. Ta daɗe tana da al'adar ƙara wa ɗalibai maki idan takarda ta yi tsauri, ko idan wani rukunin tambayoyi ya fi wani wuya. Hukumomin jihohi su ma suna nasu, kowa na gudun kada yaransa su zama koma-baya. A haka maki ya yi ta kumbura, har ta kai a 2011 wata kwaleji a Jami'ar Delhi ta nemi kashi 100 cikin 100 daga wasu masu neman shiga. A watan Afrilun 2017 CBSE da takwarorinta suka zauna suka ce an daina. Shawara mai kyau, sai dai yara sun riga sun rubuta jarrabawar shekarar, sakamako kawai suke jira. Aka garzaya Babbar Kotun Delhi, ita kuwa a watan Mayu ta ce a bar tsohon tsarin a wannan shekara, domin ba a sauya ƙa'ida bayan an fara wasa.

Ba na son makin da aka hura, amma ina bayan kotun nan ɗari bisa ɗari. Yaro ya shiga ɗakin jarrabawa da sanin yadda za a auna shi. Wasu ma jami'o'in waje sun riga sun ba su gurbi bisa sharaɗin za su kawo maki kaza. Ka zo daga baya ka ce ka sauya mudu bayan an gama awo? Ko da sabon mudun ya fi gaskiya, ka ci amanar wanda ya yi ciniki da tsohon.

Kotu ma takan zarme, kada ku ɗauka kullum ita ce mai gaskiya. A 2018, a jarrabawar shiga karatun likita ta NEET, wadda CBSE ce ke shirya ta a lokacin, an samu kurakurai a tambayoyi 49 na takardar harshen Tamil. Babbar Kotun Madras ta ce a ba duk wanda ya rubuta da Tamil maki 196, wato huɗu-huɗu a kowace tambaya, su kusan 24,000. Jimillar makin jarrabawar 720 ne. Kenan wanda ya haura 524 da guminsa zai tashi da abin da ya fi jarrabawar kanta! Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a wannan shekarar.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 2024. Yanzu wata hukuma ce, NTA, ke shirya NEET. Yara sama da miliyan 2 suka zauna ranar 5 ga Mayu, suna kokawar kujeru dubu ɗari da 'yan kai. Sakamako ya fito ranar 4 ga Yuni, ranar da hankalin ƙasar kaf ke kan ƙidayar ƙuri'un babban zaɓe. Mutum 67 suka ci 720 cif, shida daga cibiya ɗaya a jihar Haryana. Sai kuma aka ga masu 718 da 719. Nan ne asiri ya tonu, kuma ɗaliban da kansu suka tona shi. Tambaya 180 ake amsawa, kowace daidai maki 4, kowace kuskure a cire 1. Idan ka bar ɗaya ba ka taɓa ba, 716 ke gare ka. Idan ka kuskure ɗaya, 715. Babu ta inda 718 za ta fito sai in wani ya sa hannu.

Sai da aka taso hukumar a gaba sannan ta yi bayani: ɗalibai 1,563 aka ƙara wa maki saboda an ci musu lokaci a cibiyoyinsu. Wataƙila da gaske an zalunci yaran nan, ban musa ba. To amma me ya hana a faɗa tun farko? A jarrabawar da maki ɗaya ke tura mutum baya da ɗaruruwan matsayi, duk abin da ka ba Musa daga aljihun Isa ka ciro shi, shi Isan kuma bai ma san an yi ba. Ranar 13 ga Yuni gwamnati ta shaida wa Kotun Ƙoli cewa ta janye makin: ko yaro ya sake zama, ko ya karɓi asalin abin da ya ci. Ranar 23 ga Yuni, 813 ne kawai suka koma. Bayan kotun ta warware wata tambayar fiziks da aka amince wa amsa biyu, masu 720 ɗin nan suka dawo 17.

Za ku ce ina ruwanmu da Indiya. A 2025 JAMB ta amsa cewa na'urorinta sun ɓata sakamakon yara kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas. Ba ta raba maki ba, sake jarrabawar ta sa aka yi, kuma a ganina wannan ya fi tsafta, duk da yaran sun sha wahalar shiri cikin 'yan kwanaki. Sai dai a can ma sai da iyaye da ɗalibai suka yi ta kururuwa a intanet kafin a duba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Tun ran gini, tun ran zane. Idan za a ɗaga wanda ya gaza da maki biyu ko uku, a rubuta adadin a takardar ƙa'idoji kafin a sayar da fom. Idan lokaci ya salwanta a wata cibiya, a faɗi tun yanzu me za a yi, ƙarin minti ne ko sake zama. A takardar sakamako kuma a ware abin da yaro ya ci da abin da aka ɗora masa, jami'a ta gani da idonta. Malamai masu karanta wannan, musamman ku da kuke zuwa makin WAEC da NECO, ku gaya mana: an taɓa nuna muku irin wannan ƙa'ida a rubuce, ko dai a baki shugaban tebur ke faɗa?