Zogale Ya Je Makka

(Rumfar abincin Iya Larai, bakin kasuwar 'Yankaba a Kano. An rataye sabon allo: "Akwai faten acha, kwaɗon zogale da zoɓo ba sukari." Ɗanjuma ɗan dako ya jingine baronsa yana sharce gumi.)

ƊANJUMA: Iya, taliya da wake ta ɗari biyar. A cika manja, a barbaɗa yaji.

IYA: Kai kullum taliya! Ga kwaɗon zogale na fara yi, yana gyara jiki.

ƊANJUMA: Iya, zogale shi ya rene ni. Shekarar da fara ta cinye mana gero, safe da dare shi muke ci, har akuyarmu ta fara yi mini kallon kishiya. Nawa ne faranti?

IYA: Dubu ɗaya da ɗari biyar.

ƊANJUMA: Zogalen da ke jikin dangarmu? Makka ya je ya dawo?

(Mota ta tsaya. Alhaji Maikuɗi ya shigo, direba na biye da shi.)

ALHAJI: Salamu alaikum. Iya, faten acha. Ban da mai, ban da ɗanɗano, gishiri kaɗan.

ƊANJUMA: Ranka ya daɗe, karayar arziki aka samu?

ALHAJI: Ciwon sukari ne, yaro, ga hawan jini. Dubu hamsin na biya likita kafin ya rubuta mini acha, gero, ganye, da tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum.

ƊANJUMA: Dubu hamsin! Ashe rayuwata likitan yake sayarwa ban sani ba. Da ni ka nema, dubu biyu zan ba ka hayar baron nan ka tura shi Dawanau ka dawo.

IYA: Kada ka ga laifina, Ɗanjuma. Achar nan daga Filato ake kawo ta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya haukace, ga su Alhaji sun gano ta, buhu-buhu suke kwashewa.

ƊANJUMA: To! Lokacin da muke cin ta don dole, sun ce abincin ƙauye. Yanzu ta zama magani, mu an koro mu taliya. Iya, miƙo lemon kwalba mai sanyi.

IYA: Ga zoɓo ba sukari.

ƊANJUMA: Laifin me na yi miki?

ALHAJI: Ai don irinku gwamnati ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon nan, ko kwa rage sha. Ka sayi kankana mana.

ƊANJUMA: Naira 10? Ko almajiri ka miƙa wa sai ya duba fuskarka ko tsokana ce. Kankana kuwa ruwa ce ta sa jar riga. Buhun albasa goma ke jirana, ranka ya daɗe. Ni abin da zai kwana a ciki nake nema.

(Aka kawo faranti biyu. Alhaji ya ɗanɗana acharsa, idonsa na kan manjan Ɗanjuma.)

ALHAJI: Direba, je ka duba iskar taya. Duka huɗun. Har da ta bayan but.

(Direba ya fita yana waige.)

ALHAJI: (cikin raɗa) Ɗan rahoton Hajiya ne. Yaro, mu yi musaya.

ƊANJUMA: Dubu uku.

ALHAJI: Kai! A gabana ka saya ɗari biyar!

ƊANJUMA: Masu kuɗi sun gano ta, ranka ya daɗe.

(Alhaji ya ƙirga, ya duƙa a kan taliya hannu baka hannu ƙwarya. Ɗanjuma ya share achar a loma uku, ya leƙa ƙarƙashin farantin.)

ƊANJUMA: Iya, na sha maganin. Yanzu kawo abincin.

DIREBA: (daga bakin ƙofa) Alhaji, Hajiya ce a waya. Ta ce mene ne wannan ja a gemunka, na ce mata zoɓo ne. Dubu biyu.