Wai wa ya aike shi hawa keke?

Tun ranar Asabar nake danne zuciyata, abin ya ƙi dannuwa, don haka ku yi haƙuri, yau zan yi tsawo.

Kun dai ji abin da ya sami abokin hawanmu a hanyar Jos. Tifa ta matse shi har ya faɗa kwata, gwiwa ta ɗaye, ƙafar keken ta gaba ta lauye, direban ko waiwaye bai yi ba. Alhamdu lillahi abin ya zo da sauƙi. Direban bai ba ni mamaki ba, mun saba. Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne 'yan dubiya. Mutum ya shigo da lemo a leda, ya zauna, maimakon "Allah ya ƙara sauƙi" sai ka ji: "To shi ma wa ya aike shi? Magidanci da mota a gida, me ya haɗa shi da keke?" Wani har da ƙyaƙyata dariya, wai in fetur ne ya gagara a faɗa, a yi masa karo-karo.

Madalla. A gaishe ku masu hikima. Wato mai tifa ya fita, keke ne da laifi.

To ni ma na ga laifinsa, kuma na faɗa masa a gaban idonsa yana kwance. Laifin guda ɗaya ne tak: ya hau kwalta. Mutumin da Allah ya ajiye a Bauchi, garin da duk inda ka juya dutse ne ke kallon ka, me zai kai shi yin kafaɗa da kafaɗa da tirela? Ku sauka daga kwalta ku hau burji. Wannan ce maganar da nake yi shekara da shekaru har an fara ce mini mai wa'azin burji.

Kwalta ba ta san mutunci ba. A 2001, zamanin Obasanjo, ministan sufuri da kansa, Ojo Maduekwe, ya ɗauko kamfen na hawa keke, ya hau nasa zai je taron majalisar zartarwa a Abuja, bas ta watsa shi cikin kwata. Minista ke nan, a babban birnin ƙasa. Kai wane ne da za ka ce direban tifa ya ba ka hanya tsakanin Miri da Buzaye?

Amma ka bi hanyar Dass, ka wuce Yelwa, ka wuce Bayara, ka ratse ta kowace jar hanya da ta ɓalle zuwa ƙauye. Minti biyar ya isa. Ƙarar mota za ta ɗauke ɗif kamar an kashe rediyo, abin da za ka riƙa ji sai ƙuƙus-ƙuƙus na tsakuwa a ƙarƙashin taya da numfashinka. Wancan watan, bayan ɗaukewar ruwa, mun fita bayan sallar asuba, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, raɓa na jiƙa mana ƙafar wando. Akwai wani hawa da ya kusa raba ni da raina. Na sauko da giya har ta ƙare, na miƙe tsaye a kan feda, cinya na wuta, ina ta salati a zuci. Da na kai ƙololuwa na juyo, sai ga duwatsu jere har inda ido ya gaza, hazo kwance a cikin kwari, hayaƙin wata ruga na tashi a miƙe. Wallahi na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Shekara nawa ina wuce wurin nan a mota, gilashi a rufe, ban taɓa sanin haka yake ba.

Ina cikin haki sai ga wani dattijo ya hauro ta hanyar da na biyo, kan tsohon Phoenix marar giya ko ɗaya, buhun masara ɗaure a baya da igiyar roba. Na ce, "Sannu Baba, an hauro lafiya?" Ya kalli kwalkwalin da ke kaina, ya kalli gorar ruwana, ya ce, "Yawwa ɗana. Ina za a kai saƙo?" Na ce babu saƙo, motsa jini ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Allah ya ba da lada," ya taka ya wuce. Har yau ban gane addu'a ce ko tausayi ba.

Shi ya sa nake dariya idan aka ce wai wannan abin Turawa ne. Turawan me? Su ne dai suka makara. Sai kwanan nan suka gano daɗin hanyar tsakuwa, suka ƙera mata keke na musamman, suka tsawwala masa kuɗi. A Kansas ta Amurka akwai tseren mil 200 kan burji da aka fara a 2006, yanzu sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya sami shiga. Hukumar tseren keke ta duniya ba ta shirya gasar duniya ta burji ba sai a 2022, a Italiya. Mutane na biyan kuɗin jirgi su je Kenya su sha ƙura a Masai Mara. Mu kuwa ga Dutsen Mbula a kan Dass, ga Zaranda, ga hanyoyin da suka zagaye madatsar ruwa ta Gubi, ga tuddan Tafawa Ɓalewa da Bogoro inda ake noman acca, duk kyauta, ba ƙofa ba tikiti. Abin da muka iya shi ne "wa ya aike shi".

Na san abin da za ku ce. Faci. E, akwai tsidau, akwai ƙayar aduwa, kuma ba sa tambayar kuɗin kekenka. Ka riƙe tiyub ɗaya da ɗan famfo da kayan faci, shi ke nan. Ka sa taya mai faɗi, kamar milimita 40, ka bar siririyar nan ta 'yan tsere mai milimita 25 da ke nutsewa a yashi. Kuma kar ka cika mata iska ta yi tauri kamar dutse, don idan ta ɗan yi laushi ta fi kama ƙasa, ta fi jin tausayin ƙugunka. A gangare ka ja jiki baya, ka lallaɓa birki, kar ka damƙe na gaba a kan tsakuwa sai dai in kana marmarin ganin likitan haƙori.

Rana? Wa ya ce ka fita da azahar a watan Afrilu? Ka fita da asuba, ƙarfe goma kana gida kana karyawa. Kuɗi? Baban da na ba ku labari da wane kuɗi ya hau? Keken gwanjo mai giya ya wadatar. Girma? Wannan kam ba ni da lokacinta. Mutum tumbi ya hana shi ganin yatsun ƙafarsa, likita na ƙara masa ƙwayar hawan jini duk wata, amma shi a dole girma ya hana shi taka feda. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 na ga manya da yawa sun ajiye girman nan a gareji tare da motar.

Maganar tsaro ce kaɗai zan tsaya in saurara, ita ma ba za ta mayar da ni kwalta ba. Ban ce ka kutsa dajin Lame-Burra kai kaɗai ba, ban ce ka yi dare a jeji ba. Ku fita ku uku ko huɗu, a san inda kuka nufa a gida. In kun shiga gari ku sauka ku yi sallama, ku gaida mai unguwa, ku tambayi hanya, mutanen wurin sun fi taswirar wayarka sanin inda ake bi da inda ba a bi. In kun haɗu da shanu a burtali ku tsaya su wuce, hanyarsu ce. Kar ku taka shukar mutane, kar ku ɗaga waya kuna ɗaukar matan mutane a bakin rijiya. In damina ce, rafin da ka tsallake da safe ba lallai ya bar ka ka dawo ba. Iyakarta ke nan. Ni dai a shekarun da na yi ina bin ƙauyukan nan, abin da ya taɓa tare ni shi ne ƙwaryar fura da nono da aka ce sai na sha. Mutanen da na sani da suka karye a kan keke kuwa, kaf ɗinsu a kwalta suka karye.

Abin da ke ƙona mini rai, yara na kallon mu. Duk ƙauyen da muka ratsa sai ka ga yaro ɗan shekara goma ya biyo mu a kan keken babansa, ƙafa ta cikin firam don bai kai sirdi ba, kuma wallahi sai ya wuce mu a hawa. Biniam Girmay na Eritiriya da ya ci koriyar riga, wato kyautar wanda ya fi tara maki, a babban tseren keke na Faransa na 2024 ai ba daga sama ya faɗo ba, ƙasarsu ce ta ɗauki keke da daraja. Ruwanda ta karɓi gasar duniya a Kigali a 2025. Mu kuwa 'yar wasanmu, Ese Ukpeseraye, sai da ta ari keke a hannun Jamusawa a gasar Olamfik ta Faris. Yaron ƙauyen nan zai girma ya ji manya na cewa keke na wanda ya rasa ne, ya jingine shi, ya nemi acaɓa.

Af, na tuna. Raleigh ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana zuwa aiki da shi, mai akwatin kaca da fitilar da taya ke kunnawa, ashe yaran gida sun sayar wa 'yan gwangwan ina tafiya. A kan kilo suka auna shi. Sai ƙararrawar kawai na tsinta a bayan randa. Don Allah duk wanda ya san inda zan sami irin sirdinsa na fata mai sifirin biyu, ko a Muda Lawal ko a Wunti ko wajen wani tsohon mai gyara, ya yi mini magana. Ko ya tsage ina so.