Ma'ajiyar Git ba juji ba ce

Tun da GitHub Actions, tsarin da ke gudanar da ayyukan manhaja da kansa a shafin GitHub, ya zama ruwan dare, wata ɗabi'a da aka yi zaton an binne ta sake ɗago kai: cusa fayilolin da na'ura ta harhaɗa cikin ma'ajiyar Git, wurin da masu haɗa manhaja ke adana rubutunsu da tarihin canje-canjensa, tare da rubutun da mutum ya zauna ya yi da hannunsa. Dalilin a fili yake. Idan an rubuta aikin Actions ɗin da harshen JavaScript, tsarin yana ɗauko abin da zai gudanar kai tsaye daga ma'ajiya, don haka dole a ajiye foldar dist, inda ake zuba fayilolin da aka harhaɗa, a ciki. To, lalura ce, an ji. Abin haushin shi ne yadda wasu suka mai da lalurar hujja, suna zuba irin waɗannan fayiloli a ayyukan da babu abin da ya tilasta musu.

Galibi nauyi ake kuka da shi, kuma da gaskiya. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, ba ya mantuwa. Ko ka goge fayil yau, yana nan kwance a tarihi, duk wanda ya kwafi ma'ajiyar sai ya jawo shi. Cire shi sai an sake rubuta tarihin, abokan aiki su kwana suna gyara. GitHub ma ba ya karɓar fayil da ya haura megabait 100.

Amma ni ba nauyin ne ya dame ni ba. Amana ce. Amfanin ma'ajiya shi ne wani ya duba abin da ka canza, layi bayan layi, kafin ya amince. Wa ke karanta layi dubu hamsin da na'ura ta dunƙule? Babu. Ana danna amincewa ne kawai, cinikin biri a sama. Kuma babu tabbacin cewa fayil ɗin daga rubutun da ke gefensa ya fito.

Wanda ya ga wasa ne ya tuna xz, manhajar matse fayiloli da ake amfani da ita a Linux. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya bankaɗo ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a fitowarta ta 5.6.0 da ta 5.6.1. An ɓoye mugun kayan ne cikin fayilolin gwaji da ido ba ya iya karantawa, suna zaune a ma'ajiya a bainar jama'a. Ba na'ura ce ta harhaɗa su daga rubutun aikin ba, na sani, amma makantar iri ɗaya ce.

Masu cewa ajiyewar na rage wa sabon ma'aikaci wahala, gazawarsu ta gyara hanyar harhaɗawa kawai suke lulluɓewa. Git LFS kuwa, tsarin da ke ajiye manyan fayiloli a wajen ma'ajiya, nauyi ya rage, bai sa fayil ya karantu ba.

A sa foldar a .gitignore, jerin abubuwan da Git zai ƙyale, a bar sabar da ke gudanar da ayyukan ta harhaɗa, a tura sakamakon zuwa rumbunan rarraba manhaja irin su npm, PyPI ko Maven Central. Inda dist ta zama dole, sabar ta sake harhaɗawa ta gwada da wadda aka ajiye, in sun saɓa ta ƙi karɓa.