Abin Awon Jinin Yana Cikin Jakata

Salama a gare ku, 'yan'uwana cikin Almasihu. Yanzun nan na dawo daga dubiya, ko ɗankwali ban cire ba na zauna a bakin gado ina rubuta wannan, domin na san in na bari gari ya waye, zuciyata za ta samo mini dalilin yin shiru.

Mako uku ke nan da suka wuce, ranar Lahadi, an tashi daga sujadar Hausa ana ta gaishe-gaishe a ƙofar majami'a. Sai wata tsohuwa cikin iyayenmu na Zumuntar Mata ta riƙo hannuna. Gwauruwa ce, ta haura shekara 70. Ita ce mai zama a benci na biyu ta wajen taga, ita ke buga tulu in mata sun tashi waƙa. Ta ce, "'Yata, ke da kike aikin asibiti, kwana biyun nan kaina yana sara mini ta ƙeya, in na miƙe kuma sai jiri ya ɗebe ni." Ta kwance bakin zaninta ta ciro wata 'yar baƙar leda da sauran ƙwayoyi a ciki, tana so in duba mata.

Ni kuwa a wurin aiki na kwana. Ga yara suna jan rigata, ga baƙi suna jira a gida, ko tukunya ban ɗora ba. Ledar ma ban karɓa ba. Na dafa kafaɗarta na ce, "Ayya Mama, sannu. Allah ya kawo sauƙi. Zan sa ki cikin addu'a." Ta ce, "Yauwa 'yata, Ubangiji ya yi miki albarka." Ta mayar da ledarta ta ƙulle a bakin zani, ta kama hanya.

'Yan'uwa, abin awon jini yana cikin jakata a lokacin. Jakar tana rataye a kafaɗata, don daga asibiti kai tsaye na wuce coci. Minti uku ya isa in zaunar da ita a benci, in naɗa mata a dantse, in ga abin da ke nan. Shekarata 14 ina aikin jinya. Na san abin da ciwon ƙeya da jiri suke nufi ga tsohuwar da take kan maganin hawan jini. Na san in awo ya kai 140 bisa 90 sai a sa ido, in ya kai 180 bisa 120 ga kuma irin waɗannan alamu, ba zancen komawa gida. Duk na sani, na wuce abina.

Abin da ya fi ci mini rai kuma, addu'ar da na ɗauki alkawari ban yi ba. Ko sau ɗaya. Ban yi a cikin keke ba, ban yi a bakin murhu ba, ban yi da dare ba. Kafin in kai bakin titi na manta da ita sarai.

Lahadin da ta wuce aka yi sanarwa cewa Mama tana kwance, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Jikarta ce ta same ta a ƙasa da asuba. Ashe tun da magani ya yi tsada ta daina sha kullum, sai ran da kai ya dame ta take ɓallar ƙwaya ɗaya. Da na karɓi ledar nan na ƙirga abin da ya rage, na tambaye ta ranar da ta saya, da na gane nan take. Ban ce da na auna ta tabbas da hakan bai faru ba, wannan sanin Allah ne. Amma na san abin da ke hannuna a ranar, na kuma san abin da na yi da shi.

Sai yau na iya zuwa, kunya ce ta riƙe ni kwana huɗu. Da na shiga ɗakin na tarar da wata yarinya daga zumuntar matasa, wadda take kitso a bakin kasuwa, ta jingina Mama da filo tana tsefe mata kai a hankali, tana shafa mata mai, tana rera mata waƙa ƙasa-ƙasa. Aka ce kullum sai ta zo bayan ta tashi daga kasuwa. Jikar ta ce mini akwai wani ɗan'uwa mai tuƙa keke, safe da yamma shi yake kawo abinci daga gida, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ba wanda ya kira sunansu a sanarwa, ba kwamitin da ya aike su.

Mama ta gan ni. Bakinta ya ɗan karkace, maganar tana fita da ƙyar. Ta miƙo hannun dama ta kama nawa ta matse, ta ce, "'Yata, na gode. Addu'arku ce ta riƙe ni." Na kasa ɗaga kai. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Mama, ki gafarce ni. Ranar nan ban duba ki ba, addu'ar ma ban yi ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, yi yanzu." A nan na yi, ina kuka, yarinyar tana riƙe da matsefi tana cewa amin.

To, ba don ku tausaya mini na faɗi wannan ba. Na faɗa ne don na san ba ni kaɗai ba ce. Kalmar nan "zan sa ka cikin addu'a" ta zama mana ƙofar gudu. Da ita muke sallamar mutum in ba mu so ya ci mana lokaci. Mun ɗauki abu mafi tsarki da Ubangiji ya ba mu, damar shiga gabansa a madadin ɗan'uwa, mun mai da shi kamar "sai an jima". Ku duba zaurukanmu na WhatsApp. A sa hoton mara lafiya, kafin minti goma an jera amin guda 40 da hoton tafin hannu a haɗe. Cikin mutum 40 ɗin nan, nawa ne suka ajiye waya suka rufe ido ko na minti ɗaya? Nawa ne suka tambayi wane asibiti, wane ɗaki, wa ke kwana da shi? Ni ma ina cikin masu turawa, shi ya sa na sani.

Yakubu ya gama da mu tun tuni a sura 2 ta wasiƙarsa. Ɗan'uwa ba tufa, ba abincin yini, kai kuma ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba. Ya tambaya, ina amfanin wannan? Tun ina Makarantar Lahadi na haddace wurin, amma kullum in na karanta, masu kuɗi nake tunawa. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin awon jini a jaka ma tufa ne da abinci ba. Sama'ila kuma ya gaya wa Isra'ilawa cewa in ya daina yi musu addu'a, zunubi ne ya yi wa Ubangiji. Ashe laifi biyu na yi a tsaye ɗaya: na hana hannuna, na kuma yi ƙarya da sunan addu'a.

Kai lauya da kake zama a layin gaba, gwauruwar nan da dangin miji suke neman ƙwace mata fili, ta zo maka da takardu a cikin leda, me ka ce mata? Ke malamar lissafi, marayan da ya faɗi WAEC sau biyu saboda darasin da kike koyarwa kullum, a bayanki yake zama a coci. Sa'a ɗaya ranar Asabar ta gagare ki? Kai mai gyaran wuta, wata nawa ke nan fankar ajin yara ta mutu, kana ganin ana fito da su suna zufa? Kai da kake aikin gwamnati ka san yadda ake cika takardar fansho, ga dattijo yana ta zirga-zirga shekara biyu. Ke mai ɗinki, ke mai tuya, kai makanike, kai da ka iya kwamfuta, kai da Allah ya ba ka haƙurin zama ka saurari mutum har ya gama kukansa. Haba 'yan'uwa! Sai mu taru mu ɗaga murya, "Ya Ubangiji, ka aiko da taimako," alhali taimakon yana zaune a benci ya harɗe hannu, yana duba agogo.

Na san abin da wani zai ce: ni ba ni da wata baiwa, ban iya wa'azi ba, ban iya waƙa ba. Wa ya gaya mana baiwa sai a kan bagade take? Mu muka ƙuntata ta, har ya zama in ba ka riƙe makirufo ba, kana ganin ba ka da abin bayarwa. Tabita ta Yafa allura ce da zare a hannunta. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu. Riguna suka nuna, abin da ke jikinsu. Yarinyar nan mai kitso da na gani yau, zuriyar Tabita ce.

Shi kuma bawan nan na Matiyu 25 da aka ba talanti ɗaya, mun saba jin tausayinsa kamar an ba shi 'yan canji. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan aikin yini guda. Ku lissafa, kusan ladan ɗan ƙwadago na shekara 20 ke nan aka danƙa masa. Bai sata ba, bai kashe a shagali ba, ya tona rami ya binne, ya mayar da shi cif-cif yadda aka ba shi. Duk da haka maigidan ya kira shi mugu, malalaci. Wannan wurin yana ba ni tsoro yau fiye da kowane lokaci, domin ni ma ban yi wa Mama wani mugun abu ba. Na yi mata murmushi, na dafa ta, na ambaci sunan Allah. Jakata ce ramin.

Ku tuna yadda bishara ta iso wa kakanninmu. Waɗanda suka kawo ta sun zo da Littafi a hannu ɗaya, magani da allo a ɗayan. A Garkida tun 1923, a Vom, a Wusasa, a Jankwano cikin Jos, a asibitin ido na Kano, har Galmi a Nijar. Likita Miller da ya zauna a Zariya likita ne, ya kuma zuba ƙarfinsa a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. Iyayenmu da suka karɓa su ma ba su zauna ba. Da kansu suka buga tubali, mata suka ɗebo ruwa a ka, aka gina majami'un da muke shiga yau da takalma masu tsada. Haka aka yi a zamanin Nehemiya: maƙeran zinariya, masu haɗa turare, wani mai mulki da 'ya'yansa mata, kowa ya kama inda ke gabansa, suka yi addu'a suka kuma sa masu tsaro dare da rana, garun ya tashi cikin kwana 52. A cikin jerin sunayen nan an rubuta cewa manyan Tekowa sun ƙi sa wuyansu ga aikin. Har yau ana karantawa. Ba na so a rubuta ni a wannan layi.

Kada wani ya ji wannan ya karaya. Ni da nake rubutu, alheri na gani yau da idona. Tsohuwar da na yi wa laifi ba ta juya mini baya ba, cewa ta yi in yi yanzu. Haka Ubangijinmu yake da mu. Bitrus ya yi musunsa sau uku, da suka haɗu a bakin teku ya ba shi karin kumallo, ya kuma danƙa masa tumakinsa. In kana da wanda ka sallama da fatar baki, ƙofa ba ta rufe ba. Na kuma san gajiya gaskiya ce, na san rayuwa ta yi tsada, kowa da nauyin da ke kansa. Ba a ce ka ɗauki na kowa ba. Amma wanda ya riƙo hannunka a ƙofar coci, wannan naka ne.

Ina roƙonku saboda Allah, in kun ce za ku yi addu'a, ku tsaya a nan inda kuke ku yi. Ku riƙe hannun mutumin, ko a bakin titi ne, ko a waya ne, jimla biyu ma ta isa. In kun buɗe ido kuma ku tambayi kanku me ke cikin jakarku. In ba za ku iya ba, ku faɗi gaskiya, ku ce "Mama, yau na gaji, amma gobe da ƙarfe huɗu zan zo gida," sannan ku je. Mu mata mun iya cewa zumunta a ƙafa take, to mu taka mana.

Na yi magana da Fasto da shugabar Zumuntar Mata a waya kafin in fara rubutun nan. Daga wannan Lahadi, bayan sujadar Hausa, zan zauna a gindin darbejiyar da ke bayan ajin yara da abin awon jini da littafi. Duk wanda ya haura shekara 40 ya zo, kyauta ne. Ku zo da ledojin magungunanku mu duba tare. 'Yan'uwana ma'aikatan jinya da ke cikinmu, na san mun kai biyar, don Allah kada ku bar ni ni kaɗai.

Mama kuma an fara yi mata gashi, yatsun hagu sun ɗan motsa yau da yamma. Ana bukatar mai kwana da ita ranar Alhamis da Juma'a don jikarta ta samu ta je makaranta. Kada ku rubuta mini amin a ƙasa tukuna. Ku ajiye wayar, ku yi mata addu'a yanzu, sannan wadda za ta iya kwanan Alhamis ta kira ni.