Mutanen da suka ƙi barin ƙasan jirgi

Duk lokacin da aka zo maganar jarunta a yaƙi, wanda ya harba ake yabo. Ni kuwa mutanen da suka hana jirgin yaƙin Amurka, New Orleans, nitsewa su ne suka tsaya mini a rai.

A daren 30 ga Nuwamba 1942 ne, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kusa da tsibirin Guadalcanal a tekun Pasifik, a karon da ake kira Tassafaronga. Jiragen ruwan yaƙin Japan takwas ƙarƙashin kwamandansu Tanaka sun zo kai wa sojojinsu abinci, suka yi kiciɓis da Amurkawa. Tofido ɗaya, wato bam mai tafiya ta ƙarƙashin ruwa, ya sami New Orleans a gaba, daidai rumbun harsasai da man jirgin sama. Goshin jirgin, wajen ƙafa 150, ya guntule gaba ɗaya, ya bi ta gefe yana gurzar jikin jirgin kafin ya nutse. Mutum sama da 180 suka halaka.

To 'yan uwa, a nan maganata take. Can ƙasa, a ɗakin da ake kula da toshe ɓaraka, iska mai guba ta fara cika wuri. Hafsan da ke riƙe da aikin, Hubert Hayter, ya sa aka fitar da yaransa, shi kuma ya zauna tare da Richard Haines da Andrew Foreman suna ba da umarnin inda za a tokare da inda za a rufe. A nan su ukun suka cika. Babu mai kallonsu, balle a ce don a yaba musu suka yi. Wallahi wannan ya fi burge ni a kan duk wani jawabi da kwamanda zai yi daga sama.

Kyaftin Clifford Roper ya lallaɓa da jirgin har tsibirin Tulagi da ke kusa, tafiyar hawainiya. Babu ma'aikatar gyara a can, sai itatuwan kwakwa. Su ma'aikatan jirgin suka sassaro, suka tokare gaban da su, suka lulluɓe jirgin don kada jiragen saman Japan su hango shi. Daga nan aka kama hanyar Sydney da baya-baya, suka isa ranar 24 ga Disamba. Jirgin ya sami sabon goshi, ya koma fagen daga.

A Yulin 2025 masu binciken ƙarƙashin teku suka gano tsohon goshin kwance a ƙasan ruwan Iron Bottom Sound, inda aka yi karon. Da na ji labarin, Hayter ne ya fara faɗo mini.